Rabin Gidan Hajiya Turai

Ku yaran yanzu gani kuke dillancin gida ba wani aiki ba ne. A ɗauki hoton gida a waya, a watsa wa jama'a, mai saye ya kira, a karɓi la'ada a kama gaba. Jikata ma haka ta ce mini shekaranjiya, wai ita ma za ta fara, tunda ta ga ƙawayenta suna yi daga kan gado. To, ku gyara zama. Ni ce Hanne, wadda mutanen Tudun Wada suke kira Gwaggo Dillaliya. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta da boko ba zan gane shi ba, amma na shiga gidajen da ba zan iya tuna yawansu ba, na kuma ga abin da sayar da gida yake yi wa mai gida.

Ba da gida na fara ba. Da zani na fara, da kwalla da tasa, ina bin bayan Yaya Azumi, Allah ya jiƙanta. Muna karɓar kayan matan kulle daga wannan gida mu kai wancan. Shekara biyu ina ɗaukar mata ƙunshi, ba ta bari na yi cinikin ko ɗankwali ba. Aikina saurare. In mun fito daga gida sai ta tsaya a lungu ta ce, "Me matar nan ta ce?" In na ƙara ko na rage, sai ta juya ni mu koma in sake ji.

"Ba a gyara wa mutum maganarsa, Hanne," in ji ta. "Yadda kika ɗauke ta haka za ki sauke ta."

Abin da ya kai mu ga gidaje kuwa shi ne, dillali namiji iyakarsa zaure. Gidan da akwai mata ba ya wuce nan, mai saye ma haka. Dole a nemi mace ta shiga ta gani, ta fito ta faɗa. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai igiya da na ƙuƙƙulle kamu-kamu, da ita nake awon ɗaki. Akwai 'yar sanda da nake ƙwanƙwasa azara, in gara ta cinye ta sai ka ji tana amo kamar ganga. Tsakuwa kuma a bakin zani, ta jefawa rijiya in ji nisan ruwa. Ina duba gindin katanga in ga inda ruwan damina ya taɓa kaiwa, don ko an shafe da sabon siminti zane yana nan. Sannan in shiga maƙwabta in sha ruwa, in ji indararon wa yake zuba a gidan wa. Waya ba ta nuna muku wannan.

Akwai gidan wani malami a Gyallesu da ya ba dillalai shida, yana ganin haka ya fi sauri. Kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin, kowa ya miƙa wa wani dillalin, shi ma ya ɗora. Mai saye ɗaya sai ya ji kuɗi iri huɗu a kan gida guda, ya ce lalle akwai rigima, ya janye. Damina biyu gidan yana kasuwa. Har aka fara cewa gidan ba a iya kwana a cikinsa, alhali lafiyarsa ƙalau. Daga ƙarshe malamin ya sallama shi ƙasa da tayin farko da ya ce albarka. Wannan ƙaramar wahala ce. Babbar ita ce ta gidan Hajiya Turai, kuma da hannuna a ciki.

Hajiya Turai tsohuwa ce a layin bayanmu. Mijinta ya rasu, aka raba gado, gidan ya faɗo mata ita da 'yarta ɗaya da ta rage, wadda take aure a nesa, 'yar kuma ta bar mata wuƙa da nama a kan gidan. Gida ne mai tsawo. Daga titi akwai zaure, da ɗakuna uku, sai bishiyar darbejiya a tsakar gida. Bayan darbejiyar akwai ɗakuna biyu da rijiya da madafi, nan take zaune da jikokinta mata biyu marayu. Rufin bayan ya lalace, in aka yi ruwa sai su kwana suna tara kwanuka. Ta yanke shawarar sayar da gaba ta gyara baya.

Ta ba Ɗanliti, wani dillali mai ofis a Kwangila, da allo a ƙofa da fanka da kujerun roba. Shi ya aiko a kira ni. Ya tsaya a zaure, na shiga na fito.

Na ce masa, "Ta ce daga zaure zuwa darbejiya. Darbejiyar ita ce iyaka. A bar mata siririyar hanya ta gefen gabas da za ta riƙa fita titi."

"An gama, Gwaggo ta gari," in ji shi, yana danna waya. "Ai wannan kamar an sayar."

"Ka ji dai da kyau? Rabi ne."

"Haba Gwaggo, yau na fara?"

Ana nan, ana nan, sai ya samo mai saye, Alhaji Mudi, mai sayar da kayan gyaran mota. Mutum ne mai kunya. Da ya zo ya tsaya a zaure, ya ji muryar 'yan mata a ciki, ya ce shi ba zai shiga gidan marigayi yana leƙa ɗakunan iyalinsa ba. Ya turo yayarsa ta gani masa.

Ranar da yayar ta zo ni na shiga da ita. Na nuna mata ɗakuna ukun gaba, na ƙwanƙwasa mata azara ta ji. Muka iso darbejiya. Hajiya Turai ta fito daga ɗakinta tana lale marhabin, ta kama hannun baƙuwa ta ja ta ciki, ta shimfiɗa mata darduma, ta sa aka jawo ruwa a rijiya aka kawo mata. Baƙuwar ta sha ta ce, "Kai, ruwan nan da daɗi yake." Ta leƙa madafi, ta leƙa ɗaya ɗakin, ta ɗaga kai ta kalli rufi. Ni kuwa ina tsaye. Ya kamata a gindin bishiyar nan in tsaya in ce, Hajiya, nan ciniki ya ƙare, abin da ke gaba ziyara ce. Ban faɗa ba. Na ga kamar rashin ta-ido ne a ce wa baƙuwa ga iyakarki alhali ana ba ta ruwa, kuma na ɗauka Ɗanliti ya riga ya gaya musu. Ita kuma ta koma ta ce wa ƙaninta ɗaki biyar ne da rijiya, rufin baya yana son gyara.

Ranar sallamawa aka taru a zaure bayan la'asar, da mai unguwa da liman da shaidu biyu, da Alhaji Mudi da Ɗanliti. Hajiya Turai tana bayan ƙofar da ta shiga cikin gida, ina tsugune kusa da ita. A da, al'ada ita ce a faɗi kuɗi a gaban shaidu, a tashi a zaga iyaka a dafa katanga. Amma Ɗanliti ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ka san zamanin da muke ciki. Tsohuwa ce ita kaɗai da 'yan mata. In aka faɗi kuɗi a nan, kafin magariba ya kai kunnen da bai kamata ba. An riga an daidaita, ta banki ya bi." Kowa ya gyaɗa kai, don kowa ya san ana ɗauke mutane a kan abin da bai kai haka ba. Zagayen iyaka kuma ya ce ai mu mata mun riga mun yi shi.

Liman ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, kin sallama?"

Ta ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Aka miƙo takarda da Turanci ta gefen ƙofa. Ni na kama yatsanta na dangwala mata a tawada, na dangwala a takarda. Aka shafa Fatiha. Ɗanliti ya tura mata kuɗinta, ya ba ni rabona na la'ada, har da ƙarin goro.

Kwana goma sha biyu bayan haka, da hantsi, babbar jikar ta shigo gidana ba ko sallama.

"Gwaggo, Hajiya ta ce ki zo yanzu. Ga maza nan a tsakar gida suna awo."

Na tarar da magini da tef ɗinsa ya wuce darbejiya, yana auna bakin rijiya. Alhaji Mudi yana zaure. Hajiya Turai tana ƙofar ɗakinta, ga sabon kwanon rufi da ta saya jingine da bango.

Na fita zaure na ce, "Alhaji, lafiya? Maginin nan ya wuce iyaka."

"Wace iyaka, Inna?"

"Darbejiya."

Ya dube ni ya ce, "Ni gida na saya, ban sayi bishiya ba. Na ma ba su har ƙarshen wata su samu wuri, don girman Hajiya. Nawa gidan na Dutsen Abba na sayar, wanda ya saya yana jirana in fita. Mutum goma sha ɗaya zan kwaso."

Ya zaro takarda ya karanta mini yana fassarawa. Gida gaba ɗaya, daga titi zuwa lungun baya. Ga yatsan nan a ƙasa, wanda na dangwala da hannuna.

Na koma ciki. Hajiya Turai ta ce, "Hanne, me ya ce?"

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ƙarshen wata. To, mu je ina?"

Na hau a-daidaita-sahu sai Kwangila. Na tarar da Ɗanliti yana cin gyaɗa a ƙarƙashin fanka, ga wata sabuwar mota a ƙofa.

"Gwaggo ta gari! A kawo miki lemo?"

"Me na gaya maka a zauren Hajiya Turai?"

"Maganganu da yawa aka yi."

"Na ce maka rabi."

"Da shaida?" Ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Gwaggo, bari in tuna miki. Wa ya zaga da yayar Alhaji har bakin rijiya? Wa ya kama yatsan tsohuwa? Ni ko tsakar gidan ban taɓa gani ba. In magana ta tashi, sunanki ne a gaba. Ki koma gida ki huta. Zan samo mata ɗaki na haya mai kyau, ni zan biya shekarar farko."

"Gidanta za ta bari ta shiga haya?"

"Kuma ki tuna," in ji shi, "dillalan garin nan duk abu ɗaya muke. Wadda ta kai ɗan'uwanmu gaban mai unguwa, ban ga wanda zai sake kiranta aiki ba. Shekarunki nawa yanzu? Talla za ki koma?"

Daga nan gidan mai unguwa na wuce. Na durƙusa na faɗi komai, har da shirun da na yi a gindin bishiya. Ya ce shi ma ya yi sake da ya bari aka sallama ba a faɗi kuɗi ba. Ya sa ranar zama, jibi, a zauren dai.

Ranar zaman saura kwana tara wata ya ƙare. Mutanen da suka zauna da farko su suka dawo. Ɗanliti ya fara magana, ya yi ta sosai. Ya ce tsohuwa ce, ta sayar ta dawo tana da-na-sani, kuma wannan ba sabon abu ba ne a sana'a. Ya ce dillaliya ta nuna gida duka. Aka tambayi yayar Alhaji daga bayan ƙofa, ta ce ƙwarai an nuna mata duka, ba wanda ya ambaci iyaka. Gaskiya ta faɗa. Aka tambaye ni, na ce haka ne, amma na gaya wa Ɗanliti rabi.

"Maganarta ce da tawa," in ji Ɗanliti. "Ga kuma takarda."

Liman ya sunkuyar da kai. Alhaji Mudi ya ce shi ba ya son shari'a da tsohuwa, amma in ta kai ga kotu, takarda za ta yi magana. Na duba na ga zancen yana shirin mutuwa a nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da roƙo ɗaya. Tun da aka fara cinikin nan, mai gida da mai saye ba su taɓa magana da juna ba. Duk abin da ya wuce tsakaninsu ta bakina ya bi, ko ta bakin wannan. A cire mu. A bar su su yi magana."

Ɗanliti ya ce, "Wannan ba tsarin sana'a ba ne."

Mai unguwa ya ce, "Yi shiru."

Na shiga na ce wa Hajiya Turai ta fito. Ta ce, "Ni? Gaban maza? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama a zauren Malam maigidana ba." Na ce mata yau ko ta zauna ko ta bar gidan. Ta ɗauko babban hijabinta ta saka, ta dafa kafaɗata, muka fito. Mazan suka matsa, suka kau da kai. Ta zauna a bakin tabarma tana fuskantar bango.

Ta ce, "Alhaji, ina wuni."

"Lafiya lau, Hajiya. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Alhaji, don Allah nawa ka biya?"

Ɗanliti ya ce, "Ai mun ce saboda tsaro..."

Alhaji Mudi bai ko dube shi ba. Ya faɗi kuɗin.

Hajiya Turai ta ce wa jikarta ta miƙo wayar. Aka ba ɗaya daga cikin shaidu, ya nemo saƙon banki ya karanta abin da ya shigo mata. Bai kai rabin abin da Alhaji ya faɗa ba.

Alhaji Mudi ya juya a hankali ya ce, "Ɗanliti, ina sauran?"

"La'ada ce da ɗawainiya, Alhaji. Akwai na lauya, akwai na yaran da..."

"Ka karɓi kuɗin gida a hannuna, ka ba ta kuɗin rabi. Motar da ke ofishinka, yaushe ka saye ta?"

Mai unguwa ya sa aka tare ƙofa, ya ce ko Ɗanliti ya fito da abin mutane yau, ko a kira hukuma. Ya kawo makullin mota, ya tura abin da ya rage a asusunsa. Duk da haka bai cika ba, wani ɓangaren kuɗin ya riga ya tafi inda ba zai dawo ba.

Kada ku ɗauka da gaskiya ta fito kowa ya koma inda yake. Alhaji Mudi bai yi laifi ba, gidansa ya riga ya fita hannunsa, kuma ɗaki uku ba zai ɗauki mutum goma sha ɗaya ba. Hajiya Turai ma ba za ta iya mayar da kuɗi a warware ciniki ba, ta riga ta sayi kwano da katako da siminti. Aka yi ta ja har aka kira magariba. Abin da aka tsaya a kai shi ne, Alhaji ya karɓi mota da sauran kuɗin, ya kuma ƙara da ɗaki ɗaya daga na baya a madadin abin da bai dawo ba. Hanyar gabas da ta nema ita ma ta tafi, don ta bi ta jikin ɗakin. Aka bar mata ɗaki ɗaya da rijiya da madafi, za a fasa mata ƙofa ta lungun baya. Wannan karon maza suka shiga har ciki, mata suka koma ɗaki, aka dafa katanga, aka kafa turaku, aka sake takarda da Hausa aka karanta mata sau biyu. Na kawo rabona na la'ada na ajiye a gabanta. Ta ce a ba magini.

Ɗanliti ya bar Kwangila, amma abin da ya faɗa ya tabbata. Shekarar nan ko dillali ɗaya bai aiko a kira ni ba. In na wuce majalisarsu sai in ji ana cewa, "A ɓoye takardu, ga alƙaliya nan." Na koma ɗaukar ƙunshin atamfa gida-gida da gwiwoyin nan nawa. Sai a shekara ta biyu masu gidaje da kansu suka fara aiko mini, yawanci mata. Tun daga lokacin ba na shiga cinikin da mai gida bai ji kuɗi daga bakin mai saye ba. In tsoro ake ji, a rufe ƙofa a faɗa a gaban mutum biyu. Kuma ko baƙuwa tana tsakiyar shan ruwa ne, sai na nuna mata iyaka.

Ranar da aka ja katangar raba gidan ina wurin. Bulo yana hawa, zauren yana ɓacewa, darbejiyar ta koma ɓangaren Alhaji. Da aka gama sai magini ya koma bangon baya, ya zana ƙofa da gawayi, 'yar siririya daidai wucewar mutum ɗaya, ya ɗauki guduma. Hajiya Turai tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin rijiya tana kallo.

Ta ce, "Hanne, ce masa ya dakata."

Na ce ya dakata.

"Ce masa ya ƙara faɗinta."

Magini ya ce, "Hajiya, lungu ne fa. Ƙaramar ƙofa ta fi tsaro, kuma ta fi arha."

Ba ta bi ta bakina ba wannan karon. Ta dube shi ta ce, "Malam ta zaure aka fita da shi. Ni ta nan za a fita da ni. Ka auna yadda makara za ta wuce da mutum biyu a gefenta, ba sai an karkata ni ba."

Ya goge zanen da tafin hannunsa, ya sake wani.